Takalma Goma Sha Bakwai

A ƙasan adakar Goggo Dudu na tsince shi,
tsakanin takardar haraji da wani tsohon saƙi.
Hoto ne marar launi, gara ta ɗanɗana gefensa,
a bayansa an rubuta da ajami:
masallacinmu, kafin ruwa.

Ga shi nan, ginin ƙasa, gajere kamar mai ruku'u,
zanko huɗu a kansa, ɗaya ya gutsure,
indararo ya leƙo yana jiran damina.
Ba hasumiya. Dakali ne mai hawa uku,
nan Ladan Siriri ke tsayawa ya toshe kunne,
muryarsa ta haye Gongola
ta tashi masunta a ƙetare.

Na kai wa Bappa Manga. Ido ya tafi, saura hannu.
Ya shafa takardar kamar mai shafa kan maraya.
Ya ce, "Duba bango, dama da ƙofa, ka ga tafi?"
Na ce na gani, da yawa, wani kan wani.
Ya ce, "Yaɓen kaka ke nan. In an kai gero rumbu
sai mu kwaɓa ƙasa, mu bi shi da makuba.
Nemi mai yatsa huɗu. Nawa ne.
Lauje ya ci na biyar."

Na nema. Na samu.

A bakin ƙofa akwai takalma, na ƙirga,
na sake ƙirgawa, goma sha bakwai.
Na ce, "Bappa, lissafin bai cika ba."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ya cika. Na Ardo Gidado ne maras ɗan'uwa,
kada ya karɓi ɗayar ƙafar a mashaya.
Fatalma biyun nan na Batere ne mai jirgi,
na tayar mota kuwa, Babarbare mai kanwa,
ya zo kwana uku, ya shekara talatin."

Littafin makaranta ya san tsawon madatsa,
ya san shekarar da aka tare kogi a Dadin Kowa.
Bai san wa ke tsayawa kusa da wa ba,
bai san wanda kullum sai an tayar yake zuwa,
yana gyara wando, butarsa na yoyo.

"Ruwan bai zo da gudu ba," in ji Bappa,
"zuwan baƙo mai kunya ya yi.
Ya fara tsayawa a wurin alwala,
ya kwana biyu, ya hau dakali,
sannan ya shiga ya cika sahu.
Azara biyu muka tsira da su.
Abin da aka ɗebo daga ƙasa ya koma ƙasa."

Masallacinmu na yanzu na bulo ne,
da kwano, da fanka, da lasifika mai kai wa tasha.
Ban raina shi ba, a nan aka raɗa sunana.
Sai dai bangonsa sumul yake,
ba hannun kowa a jiki.

Ranar Talata na biya mai kwalekwale,
muka yi nisa har tudu ya zama zare.
Ya kashe inji, ya ce, "Wajen nan ne, ko can gaba kaɗan."
Na duba, ba komai sai ruwa da fuskata.
A ƙasa, wataƙila, tarwaɗa na ratsa alƙibla
ba mai ce mata ta kauce.

Na ciro hoton, na kare shi daga feshi.
Ƙofar a buɗe, cikinta duhu.
Mutum tara na ciki, ba a ganin ko ɗaya,
takalmansu na jira a rana,
har yau liman bai sallame ba.